Nas Tafaɗa da Mai Ciwon Baya

Shekara ashirin da shida ta yi tana aikin jinya a ƙaramin asibitin unguwa, mai ɗaki biyu da benci ɗaya. Babu abin da ke cin ranta irin mara lafiya ya zauna yana kewaye-kewaye. Mutum zawo ya hana shi sakat, amma sai ya ce, "Cikina ne ba ya min daɗi." Ita kuwa kowane abu da sunansa take kiransa, shi ya sa aka laƙaba mata Tafaɗa.

Wata rana wani dattijo, tsohon shugaban makaranta, ya dawo karo na uku da kukan ciwon baya. An ba shi man shafawa, an ba shi ƙwayoyi, shiru kake ji. Tafaɗa ta lura a karkace yake zama, kamar akwai ƙusa a kujerar.

"Baba, nuna min wurin," in ji ta.

Ya dafa ƙugu. "Ƙasa kaɗan."

"Nan?"

"Ƙasa dai, 'yata."

"Haba Baba! Wata biyu kana wahalar da kanka, kana wahalar da mu. Tsuliya ce ke ciwo? In ka yi kashi, jini na fita?"

Ashe ƙofa a buɗe take. Masu jira a benci suka ji komai, wata ta toshe baki da mayafi. Dattijon ya sunkuya, ya gyaɗa kai. Basir ne, har ya yi nisa. A ranar aka tura shi babban asibiti.

Ya warke sarai. Tukuicinta kuwa takardar ƙara ce mai shafi uku da ya aiko wa likitan asibitinsu, kan "kalaman da ba su dace da ma'aikaciya ba". Likita ya kira ta ofis, ya ce nan gaba ta riƙa cewa "mazaunai".

"Ranka ya daɗe, mazaunansa lafiyarsu lau. Ƙarya zan yi?"

Likita ya tura mata takardar gargaɗi. Ta sa hannu tana tsaki. Laifi ɗaya ta yarda ta yi, na barin ƙofa a buɗe, kuma ba ta sake ba.

Yanzu ta ajiye aiki, tana zaune wurin babbar 'yarta. Duk ranar da dangin mijin 'yar za su zo, sai ta marairaice: "Mama, don girman Allah, yau kam ki kama bakinki."

Takan ce to. Da ƙyar take kai rabin awa.