Kwamfuta Ce Ta Ce

Ni dai tun ina saurayi Allah ya jarabce ni da son kwamfuta. Wasu ƙwallo ce ta ɗauke musu hankali, wasu kiwon tattabaru, ni kuwa in ka ajiye ni gaban tsohuwar kwamfuta ka miƙo mini sukudireba, to ka gama da ni, sai dai a yi ta aikowa ana cewa abinci ya huce. A wani kamfanin roba na Sharada a nan Kano na fara, inda aikina na ainihi kula da sito ne, amma duk wanda firintarsa ta cije takarda ni yake nema. Daga nan na ɗan taɓa zama a Bompai, kafin na yada zango a wani kamfanin jimar fata a Challawa. A nan ne aka fara ba ni ɗaki da kujera da fanka, aka ce ni ne mai kwamfuta.

A tsawon shekarun nan na gano wani abu game da mutanenmu. Bakano zai yi musu da likita, zai ja da mai unguwa, zai tsaya a kasuwa ya ɓata rabin yini a kan kwanon tumatir, amma da zarar ka juyo masa fuskar kwamfuta ka ce masa ai kwamfuta ce ta ce, sai ka ga jikinsa ya yi sanyi. Ba zai tambayi wanda ya gaya mata ba. Zai gyaɗa kai ya saɓa babbar rigarsa ya tafi. Alhali ni da nake kwana da ita nake tashi da ita na san ba ta ƙarya, ba ta kuma gaskiya. Aku ce kawai mai cin wutar lantarki, abin da aka faɗa mata shi take maimaitawa.

Na ci moriyar wannan tsoro ba kaɗan ba. Na sha korar masu son in yi musu aikin da ba nawa ba da cewa kwamfuta ta ƙi. Mutum ɗaya ce tak ban taɓa cin nasara a kanta ba, matata. Wata rana a gidanmu na Zawaciki na ce mata na duba kwamfuta, ta nuna yawan zuwa biki yana kawo ciwon baya. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafar da take yi ba, ta ce to in gaya wa kwamfutar ta shirya, ranar Asabar tare za su tafi.

Ana nan sai kamfaninmu ya ɗauki sabon manajan ma'aikata, wani matashi mai tsafta da ƙamshin turare, wanda kullum hankici ke kan hancinsa saboda warin fata. Wanda bai taɓa shiga wurin jima ba ba zai gane ba, amma mu da muka daɗe har mun daina jin komai, sai in mun hau motar haya muka ga ana matsawa. Manaja ya zo da zafinsa, kuma abu na farko da ya kawo shi ne injin dangwala yatsa. Kowane ma'aikaci zai ɗora yatsa a kan ɗan gilashi a bakin ƙofa. In koriyar wuta ta kama, ka zo aiki. In ja ta kama, ba ka zo ba, ko da kuwa kana tsaye kana haki.

Ba zan ɓoye ba, na so injin nan. Ni na kafa shi a bango, ni na haɗa shi da kwamfutata, kullum kuma sai na goge gilashinsa da gefen rigata. Ranar da muka fara ɗaukar zanen yatsu, wani lebura ɗan Jigawa ya dangwala, ya tsaya yana jira, sannan ya tambaye ni wa ya zaɓa ke nan.

Ba a yi mako ba ma'aikata suka fito da nasu ilimin. Injin ba ya son busasshen yatsa, ba ya kuma son jiƙaƙƙe, mutanen da ke wuni cikin ruwa da gishiri kuwa ɗaya daga cikin biyun nan kawai suke da shi. Sai aka gano cewa in ka goga yatsa a goshi ya ɗan kwaso maiƙo, yana karɓa. Wasu suka ce gefen hanci ya fi. Wasu sai sun hura masa iskar baki, wasu suna yin bisimilla, wani kuma ya rantse cewa sai ka kawar da kai, don injin ba ya son a zuba masa ido. Da safe in ka tsaya daga nesa sai ka ga dogon layin maza kowa na murza goshi. Manaja ya tsani wannan. Yakan fito ya ce ƙauyanci ne, inji na zamani ba ya buƙatar tsibbu.

Mutum ɗaya ne duk dabarun nan suka ƙi yi wa aiki. Wani dattijo ne mutumin Nijar, kowa Baba yake ce masa. Tun kafin a haifi manaja yake aiki a ramukan da ake jiƙa fata cikin ruwan sinadari don gashi ya zube. Safar hannu daga baya ta zo, kuma ko da ta zo bai cika sawa ba, ya ce da ita ba ya jin ko fata ta yi. Shi ne farkon zuwa kullum, daga masallaci sai bakin ƙofa. Da na kama hannunsa zan ɗauki zanen, sai na ga babu abin ɗauka. Kan yatsun sumul suke kamar bayan cokali. Na gwada na dama, na gwada na hagu, na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙaramin. Muka murza goshi har ya yi ja. Injin ya ce bai ga kowa ba.

Na dubi ƙafarsa na ce, "Baba, ko za ku cire takalmi mu gwada babban yatsa?"

Ya dube ni ya dubi injin da ke manne a bango daidai ƙirji. Ya ce, "Malam, da girmana zan riƙa ɗaga ƙafa kullum a gaban jama'a?"

Na ga gaskiyarsa, na bar maganar.

Abin ya zama wasa na ɗan lokaci. Baba ya zo ya dangwala, ja ta kama, abokan aikinsa su ce masa yau ma bai zo ba, shi kuma ya ce to in sun gan shi su gaishe shi. Amma wasan ya ƙare ranar da manaja ya tara mu ya ce doka ta fito: ƙarshen wata duk wanda inji ya nuna yana fashin aiki za a sallame shi. A wurin inji kuwa Baba bai taɓa taka kamfanin ba. Mutum mai shekarunsa in aka sallame shi babu masana'antar da za ta ɗauke shi, daga Challawa har Bompai, ga iyali can gida da ke ci daga hannun nan nasa.

Na je na sami manaja a ofis. Na ce, "Oga, maganar Baba ce. Yatsunsa sun goge, injin ba zai taɓa ganin sa ba. A yi masa wata hanyar."

Ya ce, "In na buɗe wa mutum ɗaya ƙofa, gobe kowa zai zo ya ce nasa yatsan ya goge."

Na ce, "Amma ai kuna ganin sa da idonku kullum."

Ya jingina da kujera ya yi murmushi. Ya ce, "Ni ba da ido nake aiki ba. Kai da kanka kake cewa kwamfuta ba ta son kai. Abin da ta ce shi ke nan."

Na fito raina a ɓace. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da sandata aka doke ni. Shekara da shekaru ina rufe bakin mutane da wannan magana, yau ga wani ya rufe nawa da ita, a kan dattijon da ban taɓa ganin ya makara ba. Kwana biyu ina juya abin, har matata ta tambaye ni ko kwamfutar ce ba lafiya.

To, akwai wata al'ada a kamfanin. Alhaji mai kamfani yakan zo da sassafe a farkon mako, ya tsaya bakin ƙofa da carbinsa yana amsa gaisuwa. Tun da aka kafa inji, manaja ya mai da wannan safiya ranar nuna bajinta. Yakan zo ya wuce gaban layi, ya gyara hannun riga, ya dangwala a gaban Alhaji, koriya ta kama, sannan ya juyo ya dubi leburori alamar ku ga yadda ake yi. Ni kuwa duk zanen yatsun kamfanin a cikin kwamfutata suke. Cire na mutum ɗaya bai kai shan kofin ruwa daɗewa ba. Na cire na manaja na adana shi a gefe, don ni ba azzalumi ba ne, aro kawai na yi.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa, ban da Baba. Na sami wuri kusa da injin na tsaya ina goge abin da ba ya buƙatar gogewa. Alhaji ya iso, layi ya miƙe, manaja ya taho da hankicinsa. Ya gaida Alhaji, ya gyara hannun riga, ya dangwala. Ja ta kama.

Ya yi 'yar dariya ya sake. Ja. Ya goge yatsan da hankici ya danna da ƙarfi har farcensa ya yi fari. Ja. Mutanen layi suka fara danne dariya. Sai wani daga baya ya ce cikin ladabi, "Oga, a ɗan shafa a goshi."

Wani ya ce, "Gefen hanci ya fi, Oga."

Ɗan Jigawan nan ya ce, "Ku kawar da kai, ba ya son kallo."

Manaja ya yi kamar bai ji ba. Ya gwada wani yatsan, ya kuma gwada wani. Gumi ya fara tsattsafo masa. Can sai na ga hannunsa ya tashi a hankali, kamar zai gyara hula, ya goga yatsa a goshi. Nan fa layi ya fashe. Har mai gadi sai da ya dafa ƙofa.

Alhaji ya juyo gare ni yana danne tasa dariyar. Ya ce, "Mai kwamfuta, me ke faruwa?"

Na leƙa injin da fuskar mai nazari, na ɗan ƙwanƙwasa gefensa. Na ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarsa ƙalau. Cewa yake manaja bai zo ba."

"Ga shi kuwa tsaye?"

Na ce, "Ni ma ina ganin sa, ranka ya daɗe. Amma an ce mana ba da ido ake aiki ba. Kwamfuta ce ta ce."

Manaja ya watso mini wani kallo wanda na san zan biya kuɗinsa daga baya, na kuma biya, don ya yi watanni ba ya amsa gaisuwata sai da hanci. Amma a lokacin ban tsaya ba. Na ce wa Alhaji akwai wani ma da injin ke cewa bai zo ba tun ranar da aka kafa shi, kuma ƙarshen wata za a sallame shi a kan haka. Na yafito Baba. Ya fito daga layi yana jan ƙafa, don shi ba ya son a tara masa jama'a. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, Alhaji ya ɗago shi, ashe ya san shi tun zamanin mahaifin shi Alhajin.

Alhaji ya ce, "Wannan ne ba ya zuwa aiki?" Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya dubi manaja ya ce daga yau dattijon nan ya riƙa wucewa abinsa, mai gadi ya shaida zuwansa ya wadatar, kuma kada ya sake jin maganar sallama. Manaja ya ce to. 

Da a nan aka tsaya, da labarin dariya ne kawai zan riƙa bayarwa a wurin mai shayi. Amma Alhaji yana cikin nishaɗi, sai ya kamo hannun Baba ya juya shi yana dubawa a hasken safiya. Ya shafa kan yatsun da nasa babban yatsan, ya sake shafawa. Cikin wasa ya ce, "To Baba, ina ka kai zanen naka? Kowa da nasa, kai ina ka jefar?"

Baba ya ɗan yi murmushi. Ya nuna ramukan jiƙa fata da haɓarsa. Ya ce, "Ban jefar ba, Alhaji. Da su na zo daga gida. Suna cikin ramin can naku."

Babu wanda ya yi dariya. Alhaji ya tsaya riƙe da hannun. Ni ma da na shirya duk wasan sai na ji kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Baba ya zare hannunsa a hankali, ya ce a gafarce shi, fatun jiya suna jiran sa. Ya bi ta gefen injin ya shiga.