Magogin Usta Fahim

A Dumyat ta bakin tekun Masar, garin da ake haihuwar jariri da garin katako a hanci, Usta Fahim ya yi kafinta tun gashinsa na baƙi. Da hannunsa ya fara rawa, sai 'ya'yansa suka cika shagon da injuna, suka ajiye masa kujera da shayi a bakin ƙofa. Wai girmamawa ce. Shi kuwa abin yana cinsa a rai: mutumin da ya yi wa rabin unguwa gadon aure ya koma mai amsa sallama.

Wata Juma'a ya dawo daga kasuwar tsofaffin kaya rungume da magogin katako na hannu. Ƙarfen ya yi tsatsa, jikin ya tsage.

"Abu Ramzi, wannan gawar fa?" in ji matarsa Nagat, wadda ke kiransa da sunan ɗan farinsu.

"Ƙofarki mai cijewa zan gyara da shi."

"To shi wa zai gyara shi?"

Ai kuwa kayanta suka gyara shi. Ruwan khal ɗin da take jiƙa lemo ya cinye tsatsar, man zaitun ɗinta ya ƙare a jikin itacen. Ya like tsagar, ya yi ta wasa ƙarfen yana gwada kaifi a gashin hannunsa, har hannun ya koma kamar figaggiyar kaza.

Ran da ya ɗora magogin a ƙofar, ɓawon katako ya fito siriri yana nannaɗewa, hannun ma ya manta da rawa. Daɗi ya kashe tsohon, ya kasa tsayawa. Ƙofa dai ta daina cijewa, don yanzu kyanwar maƙwabta ta ƙarƙashinta take shigowa ba sallama. Ya bi ƙofar kicin, ya bi ta banɗaki, ya rage wa tebur ƙafa har miya ta koma gefe guda a kwano.

"Don girman Allah, ka bar mana inda za mu ɓuya!" in ji Nagat.

Ya bari. Ya koma kujerarsa da magogi a cinya, shayi yana hucewa. Wannan zaman ya fi aika-aikar damunta.

Ana tsakiyar zafi, lokacin da kowane katako ke bushewa, Nagat ta leƙo shago.

"Usta, tagar ɗaki ta cije."

Ya je ya shafa. Gefe ɗaya ne ya kumbura, jiƙe sharaf, yana ƙanshin sabulun wanki. Ga bokiti an tura bayan labule, kunnensa a waje. Ya daɗe yana kallon itacen.

"Danshin teku ne," ya ce. "Bana ya yi yawa."

"Ni ma haka na ce."

Ya goge ɗan kaɗan, iya abin da taga za ta rufu da kyar. Sauran ya bar wa mako mai zuwa.