Rasuwar da Aka Ɓoye Mini

Shekara talatin na yi ina aikin jinya a dispansar, wato ƙaramin asibiti. Na ga sanƙarau, na ga amai da gudawa, na kwana biyu-biyu ban cire takalmi ba. Amma da korona ta shigo Wagadugu, sai ga ni na koma ƙwai a hannun 'ya'yana.

Babban ɗana ne ya fara. Na fito da safe zan je kasuwar Sankaryare sayen kayan miya, na buga babur ɗina ya ƙi tashi. Ashe ya cire buji, wato fulogi, ya sa a aljihu.

"Inna, ku tsofaffi cutar nan take nema," ya ce, yana haɗawa da Faransanci kamar yadda ya saba in yana so ya fi ni sani.

"To kai da kake yini a tasha cikin direbobi, wa take nema a jikinka?"

Ya fita, ƙyallen rufe hancinsa a ƙarƙashin haɓa.

Samarin unguwarmu ta Zango suka kafa kwamiti, suka ajiye bokiti da sabulu a bakin kowane lungu. Na leƙa na ga ana tsoma hannu cikin ruwa guda. Na ce a huda bokitin a sa famfo. Shugabansu, wanda ni na yi masa allurar ƙyanda yana tsala ihu, ya ce, "Yaaba," wato kaka, "ki koma ciki ki huta, mu muka samu horo." Wata maƙwabciya kuma ta ce a gabana, wai Allah ya taimaka tsofaffi kawai take ɗauka. Ta gan ni, ta ƙara da cewa ba da ni take ba.

Duk wannan na shanye. Abin da ban shanye ba shi ne maganar aminiyata ta unguwar Tiendpalogo, wadda tun muna 'yan mata muke tare. Hawan jini gare ta, ni nake auna ta duk Juma'a. Da aka tsare ni sai muka koma waya. Daga baya wayar ta daina shiga, aka ce mini ta lalace ne. Sai bayan kwana tara jikata ta yi suɓutar baki. Ashe aminiyata ta rasu, an binne ta tuni. 'Ya'yana da nata sun haɗa baki kada a gaya mini, wai hankalina zai tashi. Ba ma korona ba ce; maganinta ne ya ƙare, babu wanda ya lura.

Na ɗaura ƙyallena, na tafi da ƙafa. A ƙofar gidanta na iske samari kusan goma a kan benci ɗaya, suna shan shayi da kofi guda. Ɗanta ya miƙe ya tare ni.

"Hajiya, wa ya bar ki kika fito?"

"Wa ya bar ni? Ni na yanke maka cibiya. Matsa."

Ya matsa. Na shiga ɗakinta na zauna a bakin gado, na yi mata addu'a. Da na fito na ce su watse daga bencin, kowa ya nemo kofinsa. Suka yi ta kallon juna, biyu suka tashi, sauran suka ci gaba da shan shayinsu.