Jan Zaren da Ban Saka a Na'ura Ba

A shekarun farin nan da soji ke riƙe da ƙasa, ni budurwa ce sabuwar fitowa daga lakwal, makarantar boko, ina buga takardu a wani biro, wato ofis, na rabon hatsin agaji a Yamai. Ina da saurin hannu, ina kuma da girman kai, don a ganina duk wanda na tarar a wurin zamaninsa ya wuce. Sunayen mutanen da yunwa ta koro daga ƙauyuka suna kan katuna cikin akwatunan katako, a hannun wani dattijo Kirista ɗan Dogondutsi da muke kira Baba. Da aka kawo ordinatar, na'ura mai ƙwaƙwalwa, ni aka ba aikin kwashe abin da ke katunan in zuba ciki: sunan maigida, garinsu, da yawan iyalinsa. Gurbi uku ke nan, babu na huɗu.

Ina cikin aikin na lura an huda kusurwar wasu katuna an ɗaura jan zare. Na sa ido. Ranar rabo sai mace ta zo ta faɗi sunan namiji, Baba ya zaro katin, ya taɓa zaren, ya ce a auna mata, alhali doka ta ce mai suna kaɗai ake ba. Raina ya ce ko 'yan majami'arsu ne, ko kuwa hatsin nan a kasuwar Wadata yake kwana. Lokacin kowa na tsoron kowa, ko a taksi sai ka dubi na kusa da kai kafin ka yi tari. Sau biyu Baba ya tsaya a bayana, yana kirana 'yarsa, ya ce in na sami sarari akwai abin da zai nuna mini game da katunan. Na ɗauka so yake ya shafa mini laifinsa, na ce aiki ya yi mini yawa. Tsoron kada a kama da ni ya sa na kai maganar ga sojan da ke kula da mu. Washegari da hantsi aka tafi da Baba, tabaransa na kan tebur. Shugabanmu ya ce tunda komai ya shiga na'ura, a ƙone katunan.

Rabon da ya biyo baya aka kori matan nan kaf. Wata mai goyo daga unguwar Bukoki ta tare ni a ƙofa, ta ce mijinta ya tafi kudu neman abinci tun kafin ta haihu, babu labarinsa. Ta ce Baba da kekensa yake bin bukkoki, duk inda ya tabbatar maigida ba ya nan sai ya ɗaura zare don a ba matar. Na koma na zura wa na'urar ido, sunaye reras, duk iri ɗaya, ban san wanne ke da zare ba. Na faɗa wa shugabanmu, ya ce sai an sake bincike. Matar ta yi ta zuwa ana ce mata ta dawo. Zuwanta na huɗu babu goyo a bayanta, ban kuma iya tambayarta ba.

Bayan makonni aka sako Baba, ya rame, ya zo ɗaukar tabaransa. Na so ya zage ni. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne ko na samar wa zaren wuri a cikin na'urar.

Har yau ina jin kunya da ciwon abin. Ku 'ya'yana da ke kwashe tsofaffin takardu zuwa sababbin na'urori, in kun ga wata alama da ba ku gane ba, ku tambayi wanda ya yi ta kafin ku zarge shi, kada kuma ku ƙone tsohon sai kun ga sabon ya yi aiki. Kujerata da ta Baba taku uku ne tsakani, ban taka ba.