Buta biyu suka raba rigimar kwazazzabo

Jiya a ƙofar mai garinmu, nan kusa da Dogarawa, saura kaɗan a ba hammata iska. Ruwan sama ya ƙara yage kwazazzabon bayan gari, ya cinye rabin gonar Malam Illa. Shi kuwa ya rantse maƙwabcinsa Ɗan Jimma ne ya karkato masa ruwan.

Ɗiyata Hadiza, mai karatun ƙasa da duwatsu a jami'a, ta zo hutu. Ta durƙusa ta nemi izini, aka ba ta buta biyu.

Ta juye ɗaya a kan fako, ruwan ya gangara yana jan yashi. Ta juye ɗayar cikin ciyawa, ƙasa ta shanye.

Ta ce, "Baba Illa, da kuna yara, mi ke bisa tudun can?"

Ya ce, "Itatuwa mana. Akuya ta shiga, sai an wahala a gano ta."

Ta ce, "To yau babu su. Ruwan da saiwoyi ke tsarewa, shi ke sauko muku gaba ɗaya. Ko babu gonar Baba Ɗan Jimma, nan zai bi."

Malam Illa ya miƙa wa Ɗan Jimma hannu. An sa ranar Asabar, kowa ya fito a jera duwatsu bisa tudu don su tare ruwan.

Ni da na sha gori don na bar Hadiza a makarantar boko, wallahi jiya na ga amfaninta.

Ku fa, kun taɓa hawa tudu kun duba inda ambaliyar garinku ke farowa?