Baba Iddi da Waƙoƙin Jirgi

Ranar da Hajiya Rabi'a ta fara ganin Baba Iddi, tana tsaye ne a tashar tram, jirgin ƙasa na cikin gari, ta kusa da Cheetham Hill a Manchester, tana jiran ƙofa ta buɗe da kanta. Ba ta daɗe da fita takaba ta dawo gidan ɗanta Sunusi ba, kuma babu wanda ya gaya mata sai an danna maɓalli. Wani tsoho mai sanda ya miƙo hannu ya danna mata, ya ce da Hausar mutanen Ghana, "Hajiya, ƙofar ƙasar nan ba ta san manya ba."

Daga baya ta gane ɗan gidansa yana bayan layinsu, shi kaɗai a ciki. Mutumin zangon Takoradi ne. Ya shigo Manchester yana saurayi, yana aiki a ɗakin injin jirgin ruwa, can ƙasa inda ba a ganin rana. Da jiragen suka daina zuwa, ya koma gyaran layin dogo har gwiwoyinsa suka ƙi. A wurin tsofaffin Turawan da ya yi aiki da su ya koyi waƙoƙinsu na dā, na jiragen ruwa masu hayaƙi da na jiragen ƙasa na farko. Duk Alhamis sukan taru a wani zauren council, wato ƙaramar hukuma, su rera.

A masallaci ana ƙananan maganganu, wai dattijo mai sahun gaba yana waƙar 'yan mashaya. Ita ma abin bai kwanta mata ba. Wata rana da ta kai masa tuwo sai ta tambaye shi. Ya ajiye cokali, ya ce masu maganar ba su taɓa sauraron abin da ake faɗa a ciki ba. Waƙar jirgin ƙasan da yara ke tsalle da ita, ta mutanen da suka haƙa dutse da diga ce, waɗanda rami ya rufta wa ko amai da gudawa suka kwashe, aka binne su a gefen maƙabarta ba suna. Ta jirgin ruwan kuwa, ta masu zuba gawayi a wuta ce, tsirara zuwa ƙugu. Ya ce masu kamfani sun sami gumaka a tsakiyar gari, lebura kuwa waƙa kaɗai ya samu, ita ma babu baƙin mutum ko ɗaya a cikinta, alhali su ne a bakin wutar. Shi ya sa yake ƙara nasa baitin da sunayen abokansa. Tun daga ranar Rabi'a take sa su a addu'a.

Sai aka shiga shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Aka fara da rufe zauren. Tsofaffin suka watse, wasu ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Abin da ya rage masa shi ne carer mai zuwa da safe ta taimaka masa da wanka da magani, kuma da ita kaɗai yake iya zama a ɗakinsa. Council ta aiko wata yarinya ta duba ko har yanzu yana buƙatar carer ɗin.

Rabi'a tana wurin. Ta ga ya sa farar riga, ya ɓoye sandarsa bayan kujera, ya lallaɓa ta jikin bango ya dafa wa baƙuwa shayi da kansa. Yarinyar ta tambayi lafiyarsa, ya ce lafiya lau, alhamdulillahi. Wanka fa? Ya gode Allah. Mutumin da ya faɗi a banɗaki a makon nan! Amma dattijo ba ya zama gaban sa'ar jikarsa ya ce ba ya iya wanke kansa. Rabi'a ta harhaɗa ɗan Turancinta tana nuna gwiwarsa, yarinyar ta yi murmushi ta ce dangi kaɗai ke magana. Har waƙa ya rera wa yarinyar, ta tafa.

Aka janye carer ɗin. Sunusi, likita guda, ya ce ai sai a yi appeal, a ɗaukaka ƙara, amma yana ɗaukar lokaci. Kafin lokacin ya zo, Baba Iddi ya sake faɗuwa, ya wuni a ƙasa da karyayyen ƙugu. Daga asibiti 'yarsa Celestina ta wuce da shi Birmingham, ta sa shi a gidan tsofaffi a Erdington, inda babu mai jin Hausa, babu wanda ya san waƙa ɗaya. Har yau idan Rabi'a ta tuna tafin yarinyar nan sai ta yi istigfari kafin zuciyarta ta sauka.

Ta matsa wa Sunusi ya kai ta. Suka tarar da shi an juya kujerarsa tana kallon talabijin, ya rame, bakinsa ya yi nauyi. Ta gaishe shi, ya juyo ya dube ta.

"Hajiya, abu ɗaya nake roƙonki," in ji shi. "Ke ma 'yan council za su zo miki. In sun tambaye ki, ki gode wa Allah a zuci. Su kuma ki nuna musu inda ke ciwo."