Shinkafar Da Ta Jira Baitin Ƙarshe

Autanmu mawaƙi ne, kuma a gidanmu ba magana ce da ake ɗaga murya a kanta ba. Mu manoman rani ne, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal ke raba wa kowa arzikinsa. Baba bai taɓa zagin auta a kan waƙa ba, bai kuma taɓa tambayarsa yaya take ba. In wani ya kunna waƙarsa a majalisa, sai Baba ya tuna bai yi alwala ba, ya tashi. Ni ne babban ɗa, ni nake riƙe da gona tare da Baba, kuma bakina ba shi da linzami. Na sha gaya wa auta a gaban mutane cewa murya ba ta cika buhu.

A shekarar da nake ba da labarinta, shinkafar raninmu ta yi kyan da ban taɓa gani ba. Gona ɗaya ce, ita ce abincin gidan Baba da na gidana har wata kakar, a cikinta kuma za a cire irin baɗi. Ta nuna a ƙarshen bazara. Mun riga mun toshe mata ruwa, ƙasa ta fara tsagewa, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Na yi magana da masu yanka, sun sa mana rana.

A makon ne auta ya same ni a bakin kanal yana wasu kame-kame. Wai ya yi sabuwar waƙa a situdiyo a Kano, wani darakta ya ji ta, ya ce zai yi masa bidiyo don taimako.

Na ce, "To waƙar ba ta jiyuwa ne sai an ga fuskarka?"

Ya ce, "Yaya, yanzu da ido ake jin waƙa. In babu hoto, ko a waya ba mai tura wa wani. Kowa nasa a otal yake yi da motar aro. Darakta ya ce yana son abin da ba a saba gani ba, na ce masa muna da shinkafa."

Na ce, "Muna da? Yaushe rabonka da cire ko ciyawa ɗaya a cikinta?"

Bai iya tunkarar Baba ba, ta wajen Inna ya bi. Na tabbata a'a za a ce masa, har na fara tausayinsa. Da Inna ta gama kewaye-kewayenta, sai Baba ya ce su zo, amma kada a taka masa shuka. Na saki baki ina kallonsa. A iya sanina, wannan ne karo na farko da Baba ya ba waƙar auta wani abu nasa.

Da hantsi suka zo a mota ɗaya: darakta, wani siririn saurayi mai ladabi, da mai riƙe kyamara, da yarinyar da za ta fito tare da auta, da jakunkunan kaya. Ranar na gane yadda ake abin. Ashe ba waƙa ake yi a wurin ba. Sifika ce ke rerawa, shi mawaƙin da leɓe kawai yake bin ta. Muryar macen da ke cikin waƙar ma ba ta yarinyar ba ce, ta wata ce da ko zuwa ba ta yi ba. Kowane baiti da kayansa: a yi na farko da shuɗiyar shadda, a zagaya bayan mota a sauya, a fito da fara. Ita tana tafe a kan gaɓar gona, shi yana biye da ita daga nesa kaɗan, ba mai taɓa wani, sai kallo da nuni da hannu. Layi ɗaya sai a yi ta maimaita shi har ka haddace ba da sonka ba.

Can kuma suka tashi wani ɗan jirgi mai ƙugi kamar zuma, ya hau sama ya ɗauko gonar gaba ɗaya. Darakta ya kawo wa Baba hoton a ɗan allon da ke hannunsa. Baba ya daɗe yana kallo. Bai taɓa ganin gonarsa daga sama ba, tun daga kanal har iyakar maƙwabci, duk ta yi ruwan zinare. Ya ce, "Masha Allah," ya miƙa masa abinsa.

Rana ce ta ƙure musu. Sun yi baiti biyu da amshi, kafin su kai na ƙarshe haske ya tafi. Darakta ya zo ya durƙusa gaban Baba.

Ya ce, "Baba, saura baiti ɗaya. Don Allah a bar mana wurin yadda yake, jibi za mu dawo mu ƙarasa. In wuri ya canza, hoton ba zai haɗu ba."

Baba ya ce, "An bari."

Gabana ya faɗi, don na san wanda ya yi maganar. Baba mutum ne da in ya ce ya bar wa maƙwabci ranar ruwansa, ko tasa shukar tana yaushi ba zai janye ba.

Ranar da suka sa ta zo ta wuce, babu su babu labarinsu. Auta ya kira, darakta ya ce an ɗauke shi aikin wani biki a wata jiha, yana nan dawowa. Na ba masu yanka haƙuri, suka wuce gonar maƙwabci.

Wanda bai san shinkafa ba zai ce to mene ne, ai tana nan tsaye. Shinkafa in ta nuna ba ta jiran kowa. Kullum ƙara bushewa take, har ta kai ka taɓa zangarniya ƙwaya ta zube. Maƙwabta suka yanke nasu ɗaya bayan ɗaya, gonarmu ta rage ita kaɗai a tsakiyar fili. Duk jan-bakin yankin, tsuntsayen nan masu sauka a garke su share gona, suka dawo kanmu. Ni da Baba da auta muka koma kora, daga fitowar rana har faɗuwarta, muna jan igiyar gwangwanaye muna ihu, har muryata ta dushe. Ga gabas ta fara ɗaure fuska. Kowace la'asar hadari ya haɗo ya yi baƙi, mu yi ta kallonsa cikin fargaba, sannan ya watse.

Mutanen gari kuwa ba su raga mana ba. A ƙofar masallaci wani ya tambaye ni ko sai shinkafar tamu ta zama tauraruwa za a yanke ta. Aka yi dariya. Na yi yaƙe na wuce.

Na tsare auta a kan gaɓa na ce ya kira mutumin a gabana. Ya kira, ba a ɗaga ba.

Na ce, "Tura masa saƙo. Ka gaya masa abincin gida ne yake zuba a ƙasa."

Ya ce, "Yaya, taimakona yake yi. In na matsa masa zai iya ajiye aikin gaba ɗaya."

Na ce, "To in ruwa ya sauka, waƙar za mu dafa wa yara?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Da yamma shi da kansa ya je ya sami Baba, ya ce a yanke, ya haƙura da bidiyon. Baba ya ce ba shi ya yi wa alkawari ba. Baƙo ne ya durƙusa a gonarsa ya roƙa, shi kuma ya amsa. Ni na san ba alkawarin kaɗai ba ne. Abu ɗaya ya taɓa ba wa yaron nan, ba ya so ya karɓe shi da hannunsa.

Sai na yi gaban kaina. Wata safiya na kwaso masu yanka daga Kura a adaidaita-sahu. Suka shimfiɗa tamfol, suka kafa duron da ake bugu a kansa, kowa ya zaro laujensa. Baba yana can ƙarshen gona yana korar tsuntsu. Na gan shi ya taho a kan gaɓa, ba ya sauri. Bai kalle ni ba. Ya gaishe su, ya tambayi iyalansu, sannan ya ce, "Wa ya kira ku?"

Duk suka juyo suka dube ni.

Ya ce, "Ku yi haƙuri, an wahalar da ku. Ba yau ba ne."

Na ce, "Baba, dubi gabas. Dubi ƙasa, ƙwaya ce a zube kamar an watsa iri."

Ya ce, "Na gani."

Na ce, "Me yarana za su ci?"

Ya ce, "Ranar da gonar ta zama taka, ka yanka lokacin da ka ga dama."

Ban taɓa jin maganar da ta ƙona ni kamar wannan ba, kuma a gaban baƙi. Babban masu yankan, wani dattijo, ya sassauta murya ya ce, "Malam, ko rabi mu rage maka?"

Baba ya girgiza kai. Ya ce, "Na ga hoton da idona, gonar duka ce a ciki. In aka yanke rabi an ɓata wa yaro aikinsa."

Ni ma haka na ɗauka, auta ma haka, don dukanmu mun ga hoton nan na sama. Masu yanka suka naɗe tamfol ɗinsu suka tafi.

Ba a jima ba aka yi la'asar ɗin da hadari bai watse ba. Iska ce ta fara zuwa, mai sanyi, sai ruwa ya biyo ta har da ƙanƙara. Mu uku muka fake a wata rumfar kara a bakin kanal, muna kallo shinkafar tana kwanciya daga wancan gefen tana tahowa, kamar ana shimfiɗa tabarma. Ba abin da mutum zai yi. Baba yana tsaye, leɓensa na motsi. Auta ya zauna a taɓo ya kifa kai a gwiwa. Ni kuwa tsoro ne kawai ya cika ni.

Da aka ɗauke, ruwa ya kwanta a gona, zangarniya ta nutse a laka. Wadda ƙanƙara ba ta kakkaɓe ba, in ta kwana biyu a haka tsiro za ta yi. Na duba na ga abin da za mu tsira da shi ba zai kai mu tsakiyar damina ba.

Washegari da safe muna cikin laka muna ɗaga abin da zai ɗagu, sai ga motarsu. Darakta ya fito yana ba da haƙuri tun daga nesa, da ya ga gonar sai ya tsaya cak. Ya yi salati, kuma na ga har ransa abin ya taɓa shi. Amma mai sana'a ba ya rasa idon sana'arsa. Ya bi gaɓa yana dube-dube har ya kai wata kusurwa inda tudun kanal da wata darbejiya suka kare iska. A nan shinkafa tana tsaye, wurin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ya haɗa yatsunsa ya leƙa ta tsakani.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Nan ya ishe mu."

Baba ya miƙe daga sunkuyon da yake, ya taka har wurinsa. Ya ce, "Ɗana, me ka ce?"

Ya ce, "Na ce nan ya isa, Baba. Baitin ƙarshe daga ƙirji zuwa fuska za mu ɗauka, shinkafa kaɗan ake so a bayansa."

"Dama iya nan kake so a bar maka?"

"Eh mana. Ai na sama mun gama shi tun ranar." Sai ya dubi gonar, ya dubi Baba, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Baba, ba dai saboda mu aka ƙi yanke duk wannan ba?"

Ni na yi taku ɗaya wajen darakta da lauje a hannuna, wallahi ban san me na yi niyya ba, Baba ya ɗaga min hannu ba tare da ya juyo ba, na tsaya. Wa zan kama? Darakta bai san shinkafa ba, mu ba mu san kyamara ba, kuma babu wanda ya tambayi wani.

Darakta ya ce in an ga dama a fasa. Auta ma ya ce ba zai iya ba, ya juya zai tafi.

Baba ya ce, "Dawo. Je ka wanke ƙafarka ka sa kayanka. Abin da aka tsaya dominsa ke nan."

Auta ya zagaya bayan mota ya fito da wata koriyar shadda sabuwa fil. Aka tsayar da shi a gaban 'yar shinkafar da ta rage, aka kunna sifika. Muryarsa ta tashi a kan gonar, cike da nishaɗi, shi kuwa bakinsa ya ƙi motsi. Aka sake, aka kuma sake. Darakta ya ce masa a hankali, "Sai ka ɗan yi murmushi, baitin na farin ciki ne." Na ga auta ya ja leɓensa da ƙyar, ya fara bin waƙar.

Mu muka koma aikinmu. Baba ya sunkuya cikin laka can bayan auta, yana ɗago zangarniya da hannu yana girgiza mata ruwa, yana yanka. Suna tsakiyar baitin mai kyamara ya ɗago kai ya yi wa darakta raɗa. Aka kashe sifika. Darakta ya sosa ƙeya, kunya ta hana shi ɗaga ido.

Ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Kana fitowa a hoton. Ko za ka ɗan matsa?"

Baba ya ɗago ya dubi inda aka nuna masa. Ya tattara damin da ya yanka ya rungume shi a ƙirji, laka na ɗiga a rigarsa, ya matsa.